Masu Karɓar Haihuwar Karnuka a Rigasa

A Rigasa, idan haihuwa ta gagari akuya ba a rasa wanda za a kira. Da wuya ka bi layi biyu ba ka sami tsohuwa ko dattijon da ya san yadda ake gyara kwanciyar ɗan akuya ba, kuma babu mai yi masa kallon banza don ya naɗe hannun riga ya tsuguna a gindin turke. Amma a ce karya ce take naƙuda, sai ka ga kowa ya kama gabansa. Mai ita kansa da ƙasa-ƙasa yake faɗa. Shi ya sa waɗanda suka iya wannan aiki ba su da yawa, ba su kuma da allo a bakin titi. Lambar wayarsu daga hannu zuwa hannu take yawo, tsakanin mafarauta da 'yan sintiri da masu gadin gidajen gona, da kuma samarin da suka ɗauki kiwon karnukan waje a matsayin sana'a. Wasunsu sun yi karatun lafiyar dabbobi, irin wanda ake yi a kwalejin nan ta Mando da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, su ne ake ce wa malaman dabbobi. Wasu kuwa a wurin iyayen gidansu na farauta suka fara gani, suka ƙara da yawan tambayar likitoci. Ni dai duk wanda na ga ya iya, ina ba shi girmansa, don aiki ne mai son ilimi da sanyin hannu da dakiyar zuciya lokaci guda, kuma yawanci tsakar dare ake yinsa da hasken tocilar waya.

Na san maganar da ke bakin mai karatu. Gaskiya ne mu ba mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da kare ba ne, ba kuma kiran kowa nake ya zama haka ba. Amma shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa yana cikin Bukhari da Muslim, 'yan Islamiyya ma sun san shi. Ko ma mene ne ra'ayinka a kan wanda ya sayo kare don ado, dabbar da aka riga aka ɗaure a gida haƙƙinta ya hau wuyan mai gidan, kuma ranar da ɗa ya maƙale mata ita ce ranar da haƙƙin ya fi nauyi.

Karyar gida, irin tamu mai siririn kai da dogayen ƙafafu, ba kasafai take neman taimakon kowa ba. Takan nemi kango ko ƙarƙashin tsohuwar mota, a wayi gari a ji kukan 'ya'ya. Wahalar ta ƙananan nan ce masu gashi buzu-buzu, su Lhasa da Eskimo da Pomeranian, da Chihuahua mai kan ƙwallo. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a watan Yulin 2016, Rigasa ta ƙara buɗewa, gidaje masu get da doguwar katanga suka yawaita, irin waɗannan karnuka kuma suka fara shigowa, wasu don haushinsu da ke tashin mai gida, wasu don a sayar da 'ya'yan. Ƙaramar karya ƙugunta matsattse ne, kan ɗanta kuma zagayayye. Ba ta ɗaukar 'ya'ya da yawa, kuma idan suka yi kaɗan kowanne sai ya sami wurin girma. Mafi haɗari shi ne cikin ɗa guda: yakan yi ƙato, kuma sau da yawa shi kaɗai ba ya iya tayar da naƙuda a kan lokaci. Ga kuma abin da ya fi faruwa a unguwa irin tamu, inda ake barin get a buɗe lokacin barbara, wani ƙaton kare ya shigo ya hau 'yar mitsitsiyar karya. A ƙasashen da aka daɗe ana ƙera siffar kare don sha'awa abin ya fi haka muni. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2010 ya nuna cewa a jinsin Bulldog da French Bulldog da Boston Terrier, fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu ta hanyar tiyata ake yi.

Gwani ba ranar naƙuda yake fara aiki ba. Tambayarsa ta farko kullum ita ce ranar barbara, ta biyu kuma girman namijin. Cikin karya kwana 63 ne a tsakaice, amma idan daga ranar barbara ake lissafi yana iya zuwa tun daga kwana 58, yana kuma iya kaiwa wajen 70. Wanda bai rubuta ranar ba ya riga ya ɗaure wa mai taimakonsa hannu, don ba za a san ko bakwaini ake jira ba ko cikin da ya wuce lokaci. Idan mai karyar yana da hali, malamin dabbobi na kirki zai tura shi asibiti a yi hoton ƙashi a makon ƙarshe. Ƙasusuwan 'ya'yan suna fara fitowa a hoto daga wajen kwana 45, kuma a ƙarshen cikin ana iya ƙirga kawunansu, a gwada faɗin kai da faɗin ƙugun uwar. Kuɗin hoton nan ba asara ba ne, don shi zai gaya maka da ƙarfe uku na dare ko an gama ko da saura.

Sai ma'aunin zafi, ɗan ƙaramin nan da ake sayarwa a kowane kemis. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan haihuwa ta matso, sinadarin da ke riƙe ciki yakan faɗi, zafin jiki ya bi shi ya sauka zuwa wajen 37, a ƙananan karnuka ma har ƙasa da haka. Ana sa ma'aunin a dubura safe da yamma, wasu har sau uku, a rubuta a takarda. Ranar da aka ga ya sauka, to, a cikin yini da kwana guda ake sa ran naƙuda. Idan ya sauka, yini da kwana suka wuce shiru, wannan kansa labari ne da ya kamata likita ya ji.

Farkon naƙuda ba ya son hannu ko kaɗan, kuma a nan ake gane wanda ya iya da wanda ke koyo. Karyar takan ƙi abinci, ta yi ta haki, ta yi ta tonon tsumman da aka shimfiɗa mata, ta kwanta ta tashi, wani lokaci ta yi amai. A ciki bakin mahaifa ne yake buɗewa, kuma yakan ɗauki awa shida zuwa goma sha biyu, a haihuwar fari har ya kai yini da kwana. Mai karya sabon shiga a nan hankalinsa ke tashi, ya yi ta ɗaga ta yana leƙawa yana kiran abokai. Tsoro da hayaniya kuwa suna iya tsayar da naƙudar dabba cak. Gwani yana zaune can gefe a kan benci, ba ya cewa komai, idonsa a kan cikinta da agogo. Abin da yake jira shi ne nishi na gaske, wanda za ka ga duk cikin ya ɗaure, wutsiya ta ɗaga. Daga wannan minti lissafinsa ke farawa.

Mahaifar karya reshe biyu gare ta kamar gwafa, 'ya'yan suna jere a kowane reshe, suna gangarowa ƙofa guda ɗaya bayan ɗaya, yawanci wannan ɓangare ya ba da, wancan ya ba da. Tsakanin ɗa da ɗa akan yi rabin awa zuwa awa guda, kuma uwar tana iya hutawa fiye da haka tana lasar waɗanda suka fito. Amma akwai iyakokin da masu aikin nan ba sa wasa da su. Nishi mai ƙarfi na minti 20 zuwa 30 babu ɗa, akwai abin da ya tare hanya. Nishi sama-sama na awa biyu babu komai, ko shiru fiye da awa biyu alhali an san da saura a ciki, mahaifa ta gaji. Akwai kuma koren ruwa. Mabiyiyar kare tana da wani kore mai duhu a gefenta, don haka ganin kore bayan an haifi ɗa ba komai ba ne. Amma idan koren ya riga ɗan fari fitowa, ma'anarsa wata mabiyiya ta saki, akwai ɗan da numfashinsa ya yanke a ciki, kuma lokaci ya ƙure.

Na taɓa ganin aikin nan da idona a wani gida da ke bayan titin Makarfi, cikin sanyin hunturu. Saurayi ne mai 'yar farar Lhasa, haihuwar fari, an sa ta a kwali a ɗakin ajiya. Ta haifi ɗaya, na biyu ya tsaya. Ko da malamin dabbobin da aka kira ya iso, dattijo ne mai 'yar jaka a rataye, ya tarar da abokan yaron sun cika ɗakin, har da mai ɗaukar bidiyo.

"Ɗana, sallami abokan nan naka," in ji shi. "Kai kaɗai ka tsaya ka riƙe mini tocila. Ƙarfe nawa na farkon ya faɗo?"

"Ɗaya saura kwata, Baba."

"Nishin fa, tun yaushe?"

"Ya kai rabin awa. Baba, ko allurar naƙuda za a yi mata? Akwai kemis ɗin da zan iya bugawa ya buɗe."

"Kawo ruwan ɗumi da sabulu tukuna."

Ya wanke hannu har gwiwa, ya wanke bayan karyar, ya sa safar hannu, ya shafa man santsi irin na asibiti. A dabbar da ba ta wuce kilo shida ba, yatsa ɗaya ne kawai ke da wuri, don haka duk ganinsa a kan yatsan nan yake. Ya sa yaron ya tsayar da ita a kan ƙafafunta ya riƙe mata kai, don dabba mai jin zafi ko mai ita tana cizo. Ya ɗan yi shiru yana lalube, sannan ya ce, "Wutsiya ce da ƙafafu biyu. Ta baya ya taho." Yaron ya fara salati. Dattijon ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba juyewa ba ce. Kuma haka ne: wajen huɗu cikin goma na kwiyakwiyai da ƙafar baya suke fitowa, lafiya lau. Inda ake jin tsoro shi ne idan gindi ya taho ƙafafun suna naɗe a ƙarƙashin ciki, ko wuya ya lanƙwashe, ko ɗan ya gitta. Sai dai mai zuwa ta baya ba a barinsa ya daɗe a hanya, don igiyar cibiyarsa tana matsuwa da ƙashin ƙugu alhali kansa yana ciki.

Abin da ya yi daga nan bai kai minti biyar ba, amma shekaru ne a cikinsa. Ya tura man santsi kewaye da ɗan. Ya sa hannun hagu a ƙarƙashin cikin uwar ya tallafo ɗan ta waje don kada ya koma. Ya shafa rufin hanyar haihuwar da yatsa a hankali, abin da ke sa dabba ta yi yunƙuri ko ba ta shirya ba. Da ƙafafun suka leƙo, bai kama su da yatsu tsirara ba, don santsi zai sa mutum ya matse da ƙarfi. Ƙyalle mai tsabta ya naɗa, ya haura sama ya riƙe ɗan ta cinyoyi. Ba ya ja sai ta yi nishi. In ta tsaya shi ma ya tsaya, yana riƙe da abin da ya samu. Kuma ba miƙe yake ja ba, ƙasa yake yi da shi, wajen ƙafafun uwar, don hanyar lanƙwasa take bayan ta wuce ƙugu. Da kafaɗu suka cije, ya ɗan karkata ɗan dama, ya karkata shi hagu, kafaɗa ɗaya ta wuce, ɗayar ta biyo, kai ya sulluɓo. Ƙafa ɗaya tilo, ko wutsiya, ko muƙamuƙi, waɗannan ba wurin kamu ba ne, don a jikin da bai fi giram 200 ba suna iya gocewa ko su tsinke a hannunka.

Ɗan ya fito lagwaf, ba motsi, harshensa ya yi shuɗi-shuɗi. Uwar ta gaji, ko kallonsa ba ta yi ba. Dattijon ya yage jakar ruwan da ta lulluɓe ɗan daga fuska, ya share baki da hanci, ya zuƙe majinar da 'yar robar nan ta jarirai, ya sunkuyar da kan ƙasa kaɗan, ya shiga murza bayansa da ƙirjinsa da busasshen tawul, murza ta gaske, ba shafa ba. Yaron ya ce ya gani a waya ana riƙe ɗan da hannu biyu a wulwula shi ƙasa don ruwan ya fita. "Da can mu ma mun yi," in ji dattijon, bai ɗago ba. "An hana. Jini yake tarawa a ƙwaƙwalwa." Ya ci gaba da murza, yana tsayawa ya duba launin harshe, ya koma. Can sai bakin ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, sai wata 'yar ƙara siririya. Bai bar murzar ba sai da harshen ya koma ja. Sannan ya ɗaure cibiya da zare, kimanin faɗin yatsa biyu daga ciki, ya yanke da sabuwar reza ta can gaban ƙullin, ya ɗiga aidin, ya kai ɗan hancin uwarsa. Na ukun da kanta ta haife shi, shi kuwa ko taɓa ta bai yi ba.

Allurar da yaron ya roƙa ita ce ta fi kashe karnuka a hannun masu rabin sani. Oksitosin sunanta, ita ce dai wadda ake yi wa mata, ba ta da tsada, kuma samunta ba wuya. Aikinta ta sa mahaifa ta matse. Idan hanya a buɗe take, ƙarfi ne kawai ya ƙare, likita yakan ba da ɗan mitsitsi, sau da yawa bayan ya fara ba da kalsiyam da sukari, don mahaifar ƙaramar karya rashin waɗannan ne ke kashe mata ƙarfi. Amma idan ɗa ya tare ƙofa aka danna mata allurar nan, mahaifa za ta yi ta matsa abin da ba shi da mafita. Mabiyiyar sauran 'ya'yan ta saki su mutu a ciki, ko mahaifar ta yage. A tashi da haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Duk wanda ka kira ya zaro sirinji kafin ya sa safar hannu, ka ba shi kuɗin mashin ɗinsa ya koma gida. Haka wanda zai danna cikin da tafin hannu, ko ya ɗura mata jiƙo, ko ya ba ta maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen da diclofenac, masu huda cikin kare su lalata ƙoda.

A wurina babban abin da ke ɗaga darajar waɗannan mutane shi ne sun san inda hannunsu ya tsaya. Gwani idan ya gwada na 'yan mintoci ɗan bai motsa ba, ba ya mayar da abin gasar nuna iyawa. Idan yatsansa ya taɓa kan da ya fi ƙofa girma, ko ya ji haƙarƙari a gicciye, ko wari ya fara tashi, ko jini yana zuba ja wur, ko dasashin uwar ya yi fari, magana ɗaya ce: "A nemo mota." Tiyata aikin likitan dabbobi ne mai rajista, da allurar barci da kayan aiki dafaffu. Likita yana da na'urar da ke jin bugun zuciyar ɗa a ciki. Lafiyayye yana bugawa sama da 200 a minti, idan ya sauka ƙasa da 180 ɗan yana wahala, idan ya ƙara yin ƙasa wuƙa ce kawai ta rage. Akwai asibitocin dabbobi a cikin garin Kaduna, akwai kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, amma Zariya tafiyar wajen kilomita 80 ce, kuma ba kowa ke son hawa hanya da tsakar dare ba. Daga cikin Rigasa zuwa Bakin Ruwa ma, wanda bai shirya abin hawa ba sai ya ɓata awa guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin dabbobi na kirki tun mako guda kafin lokaci yake tambayar mai karya wane likita ne zai ɗaga waya da dare, kuma ko an ware kuɗin aiki. Na ji masu kiwo suna ƙorafin cewa wane ya cika tura mutane asibiti. Ni a wurina wannan yabo ne.

Bayan ɗa na ƙarshe aiki bai ƙare ba. Kowane ɗa da mabiyiyarsa, kuma gwani yana ƙirga su tun daga farko, abin da ba shi da sauƙi tunda uwar cinye su take yi. Akan bar ta ta ci ɗaya ko biyu, sauran a kwashe don kada ta yi zawo. Wadda ta maƙale a ciki ita ke kawo zazzaɓi da ruwa mai wari bayan kwana biyu ko uku. Yakan tsayar da uwar ya lallatsa cikin a hankali da yatsu, ya ji ko akwai sauran ƙulli mai tauri. Sannan ya tabbatar kowane ɗa ya kama nono, har da ɗan autan da 'yan'uwa ke turewa. Dakashi, wato nonon farko, shi ne rigakafinsu, kuma hanjin jariri a yinin farko kawai yake iya ɗaukar abin da ke cikinsa.

Sanyi kuwa ya fi yunwa saurin kisa. Ɗan kwikwiyo sabuwar haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa, ko karkarwa bai iya ba. A makon farko yana son wuri mai ɗumin digiri 29 zuwa 32, abin da a watan Afrilu Kaduna ke bayarwa kyauta, amma a Disamba da Janairu simintin ɗaki kaɗai ya isa ya gama da su kafin asuba. Dabarar ba ta da tsada: a ɗaga kwalin daga ƙasa a kan katako, a cika robar ruwa da ruwan ɗumi a naɗe ta da tsumma a ajiye a gefe ɗaya, yadda wanda zafi ya dama zai iya jan jiki ya matsa. Ba a kai gawayi ɗaki a rufe. Kuma ɗan da jikinsa ya yi sanyi ba a ɗura masa madara sai an fara ɗumama shi, don cikinsa ba ya aiki a lokacin. Madarar shanu da ta gwangwani ma ba su kai nonon karya maiƙo da gina jiki ba, zawo suke sa su. Mai lura yana ɗora kowanne a kan ɗan sikelin kicin kullum. Lafiyayye yana ninka nauyin haihuwarsa a cikin kwana goma ko kusa da haka, daidai lokacin da idanu ke shirin buɗewa.

Akwai wani ciwo da gwanaye ke ja wa masu ƙananan karnuka kunne a kai kafin su bar gidan, don yakan zo ne bayan kowa ya saki jiki. A mako na biyu zuwa na huɗu, lokacin da shan nono ya yi ƙarfi, kalsiyam ɗin jinin uwar yana iya faɗuwa farat ɗaya. Za ta fara haki da rashin natsuwa, tafiyarta ta sandare, jiki ya ɗauki rawa, zafi ya hau, daga nan sai jijjiga. A unguwa irin tamu abin da za a fara cewa shi ne ta haukace ko an ba ta guba, kuma akwai karnukan da aka kashe a kan haka. Alhali allurar kalsiyam ta jijiya, wadda likita ke turawa sannu a hankali yana sauraren zuciya, tana tayar da ita cikin mintoci. Abin mamaki, masu ɗura wa karya ƙwayar kalsiyam tun tana da ciki su suka fi jawo mata wannan, don jikin yakan saki aikin da ya kamata ya yi da kansa. Abin da take bukata abinci ne mai nama da kifi da ƙwai, sau da yawa a yini. Ragowar tuwo da ƙanzo ba za su shayar da 'ya'ya huɗu ba.

Safar hannun nan ma ba ado ba ce. Ruwan haihuwar kare yana iya ɗaukar cutar burusela mai kama mutum, musamman idan ɓari aka yi. Ga kuma cizo, a ƙasar da ciwon haukan kare bai ƙare ba. Allurar rigakafinsa ana yinta a nan gida, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, kuma kwikwiyo yana karɓarta idan ya kai wata uku. Malaman dabbobin da na sani ba sa sa hannu a karyar da ba su tambayi takardar rigakafinta ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ladan da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Wani a sallame shi da kuɗin mai, wani a yi masa alkawarin kwikwiyo ɗaya idan sun rayu, alhali kwikwiyon Lhasa guda ya ninka abin da aka ba shi sau da yawa a kasuwa. Wanda ya tashi daga barcinsa ya ratso lungunan Rigasa da sanyin asuba saboda dabbarka ya cancanci fiye da haka, kuma a biya shi ko da maganarsa ta ƙare a "ku tafi asibiti".

Kai kuma mai ƙaramar karya, lokacin barbara wajen mako uku ne, yawanci sau biyu a shekara. Ka kulle ta a ɗaki a waɗannan makonni, kada ka dogara da katanga. Idan za ka haɗa ta, ka nemi namijin da bai fi ta girma ba, ka rubuta ranar a bango. Idan kuwa ba 'ya'ya kake so ba, ka kai ta likita ya cire mata mahaifa tun ba ta ɗauka ba.